Ranar da Girka Ta Hau Tudun Barkono

Har yanzu in na ɗauki kofi sai shayin ya yi ta rawa a ciki. Anti ta ce in daina ba mutane labarin nan, wai ina fara shi da dariya in ƙare da kuka, ko in fara da kuka in ƙare da dariya, mutum ya rasa jaje zai yi mini ko barka. To tunda an hana baki, bari hannu ya yi, ko da yana rawa.

Aikina kula da wani tsoho ne a unguwar Sedgefield, a nan ƙasar Turawa. Daga gidanmu na bayan titin Wendover Anti ke sauke ni da safe in za ta wurin aikinta, da yamma in biyo wata ƴar Damagaram mai irin aikina a unguwar. Kafin wannan a sito nake, ina liƙe kwalaye a tsaye har ƙafafuna su kumbura su ƙi shiga takalmi. Anti ce ta yi ta bin wata ƙawarta har aka samo mini gidan tsohon, kuma ranar da zan fara ta kama kunnena kamar ƴar firamare ta ce sunanta ta jingina, in na zubar mata da shi in nemi wata gwaggon.

Tsohon Bagirke ne. Ya zo ƙasar nan yana saurayi, ya yi shekaru yana da gidan abinci, yanzu ya doshi casa'in. Baba nake ce masa, ya kuwa amsa tun ranar farko kamar da ma shi ya haife ni. Ƙafafunsa ne suka gaji, bakinsa ko kaɗan. Ƴarsa lauya ce, tana zaune can Summerfield da dawakanta, Madam nake kiranta. Ita ta nuna mini yadda ake ɗaura masa wani faffaɗan bel a ƙugu, wanda mai kula ke riƙewa ta baya duk lokacin da tsoho zai tashi ko zai zauna. Sannan a gabansa, ba ta ko rage murya ba, ta ce ya taɓa faɗuwa a banɗaki har ƙugunsa ya tsage, kuma in ya sake faɗuwa, ko a kan katifa ne, gidan tsofaffi za ta kai shi, an riga an ajiye masa ɗaki. Tana fita ya kama hannuna ya ce in ranar ta zo in taimake shi in gaya wa direba ya wuce maƙabarta kai tsaye, a rage ɓarnar mai.

Aikin ke nan gaba ɗayansa. Ban da girki da magani da wanki, abu ɗaya ne: kada Baba ya faɗi. In ya faɗi, shi gidan tsofaffi, ni sito.

Kullum bayan abincin rana a barandar baya muke zama. Yana da wata baƙar hula mai ɗan baki a gaba, ba ya rabuwa da ita sai zai yi wanka, a gefenta an maƙala wani ɗan ƙarfe da ya dushe. Da ya gyara zaman hular na san yaƙi za a yi. Ni dai a lise ɗinmu na Maraɗi, wato sakandare, an koya mana yaƙin duniya na farko, amma Faransa da Jamus kawai na riƙe, ban taɓa jin Girka da Bulgariya sun shiga ciki ba, balle in san sun taɓa kashe juna a kan wani tudu. Baba ya ce malamanmu sun cuce mu.

Sai ya jawo burodi ya kafa a tsakiyar tebur, shi ne tudun. Ya jera cokula kewaye da shi, su ne waya mai ƙaya. Kwalbar gishiri da ta masoro su hau kan burodin, su ne ƴan Bulgariya, waɗanda ya ce sun fafe dutsen kamar gara, sun zuba siminti, sun ɓoye bindigoginsu a ramuka, duk wanda ya ɗaga kai daga ƙasa sun gan shi kafin ya gan su. Akwatin maganinsa mai ɗakuna na ranakun sati shi ne igwa. Igwar nan za ta yi ta dukan burodi, yana yi mata ƙara da baki, har miyau ya taru masa a leɓe in goge. Sannan gari ya waye ana ruwa, samarin Girka su taso daga gindin tudu, mahaifinsa a cikinsu, yaron da ko gemu bai fara ba. Ƴan yatsunsa su bi ta kan cokula, su ture gishiri, su ture masoro, Girka ta ci tudu. Kullum ta ci. Shi kuma ya yagi tudun ya tsoma a man zaitun ya cinye.

Bayan gidan Baba fili ne na ciyawa da ya yi sama a hankali, a can ƙololuwa kuma gidan wata tsohuwa yake. Ɗanta likita ne, shi ya ɗauko ta daga Bulgariya. Duk unguwar ciyawa suke shukawa su yi ta aske ta kamar kan jariri, ita kaɗai ta yi lambu. Barkono da tumatir a cikin dogayen akwatunan katako, buhunan taki a jibge a gefe, ga waya ta zagaye saboda barewa. Baba yakan nuna da sandarsa ya ce in duba, ba su sake hali ba, ka ba ɗan Bulgariya tudu ka dawo gobe ka tarar da waya. Shekaru suna maƙwabta, ko hannu ba su taɓa ɗaga wa juna ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Ni Bagobira ce. Akwai wani Alhaji Bazabarme mai kantin kayan gida a nan garin, inda muke sayen garin gero da daddawa, ban taɓa shiga kantinsa ba bai ce ga baiwarsa ta zo ba, ni kuma in ce masa ya fito da kayan iyayen gijinsa tun ban kira masa ƴan sanda ba. Haka muka taso, haka Fulani da Barebari suke, haka kowa da nasa. Kakata ta Tibiri takan ce duk inda ka ga wasa mai zafi tsakanin mutane biyu, ka tona ƙasa za ka tarar da kibiya, mutanen da ne suka gaji da binne ƴaƴansu suka mayar da abin baki. Sai na tambayi Baba yaushe aka gama wannan yaƙin nasu. Ya ce ya fi shekara ɗari. Na ce to ai shi da tsohuwar tudu abokan wasa ne, su ne dai ba su sani ba.

Na yi masa bayani da ɗan Turancina. Da na zo wurin da ake ce wa mutum bawa sai ya ɗaga hannu, ya ce wannan kalmar in bar ta a kantin Alhaji, kada ta fito daga bakina ko da wasa a jihar nan da aka taɓa bautar da baƙar fata. Sauran kuwa ya ji daɗinsu ƙwarai. Ya sa na maimaita masa har sau biyu cewa za ka zagi mutum son ranka, kuma in ya yi fushi shi ne ya yi abin kunya. Ya ce Afirka ta riga kowa wayewa. Nan take ya ba ni saƙon farko: in hau in gaya wa tsohuwar wai yogot ɗin Bulgariya ruwan farar ƙasa ne, a ƙauyensu bango suke shafawa da irinsa.

Na hau. Wallahi na hau, ina ta washe baki kamar mai kai goron biki. Na same ta tana ɗaure tumatir, gajeruwa, hannuwa kamar na mai daka. Na gaishe ta na ce mata Kaka, na isar da saƙo. Ta dube ni tun daga ɗankwali har silifa, har na fara neman hanyar gudu da ido. Na yi ta zuba bayani, ina haɗa Turanci da Faransanci, ina nuna gidan Baba ina nuna ƙirjina. Ta shige gida. Na ce shi ke nan, waya ta tafi yi. Sai ga ta da wata ƙatuwar kwalba cike da kindirmo, ta dangwara mini a hannu.

Ta ce, "Kai wa ɓarawon. Ki ce masa ga abin da suka sata suka tace a tsumma suka sa sunansu."

Na sauko ina tuntuɓe don dariya. Washegari na zo da fura daga gida na dama da nata, na dama da nasa, na ba shi a makance ya zaɓa. Ya zaɓi nata. Da na gaya masa, ya ce furar ce ta ɓata masa harshe.

Daga nan na zama jakadiya. Na kai zagi na dawo da zagi, na kai wani kayan zaƙi mai zuma da gyaɗar Turawa na dawo da barkono gasasshe. Ashe ita ma tana da nata a yaƙin. Ta aiko ni in gaya masa kakanta yana cikin ramukan nan, kuma ya daina cika baki da tudu ɗaya, ya tambayi danginsa abin da ya faru a wani tudun kusa da wani tafki, inda Girkawa suka hau da tafiya suka sauko da gudu. Ko tudun mahaifin Baba ne kakanta ya tsare ko wani ne daban, ba wanda ya sani, amma su biyun sun yanke cewa shi ne. Baba ya fara cinye abincinsa tas. Ya fara neman a yi masa aski. Motsa ƙafar da likita ya sa shi, wanda da sai na yi ta lallashi, yanzu shi ke tuna mini. Madam ta zo ta gan shi ta ce me nake ba shi. Kaina ya kumbura ya cika barandar. Har Anti na gaya wa cewa na sasanta ƙasashe biyu, ta ce in bi a hankali dai, ƙasar nan kowa da lauyansa.

A wurinmu ƙarshen daɗin wasa shi ne ka ƙwace wa abokin wasanka hula. Ka fizge ka gudu, ya bi ka yana zagi, mutane suna dariya, sai ya fanshe ta da goro ko wani abu kafin ka mayar masa. Na sha yi wa ƴaƴan kawuna. Wata ranar Alhamis Baba ya yi barci a kujerarsa ta baranda, hular ta zame ta faɗo masa a cinya. Kaka ta sauko har bakin shinge karɓar kwalbarta, karo na farko da ta matso haka. Ta leƙa ta gan shi baki buɗe, ta ce ga jarumin Girka nan. Shaiɗan ya raɗa mini. Na gaya mata al'adar, na ɗauko hular a hankali na miƙa mata ta saman shinge. Lissafina shi ne zai farka ya yi faɗa, in kai mata kayan zumar nan, in dawo da hula, mu yi dariya. Ƙarfen da ke jikinta kuwa ado na ɗauke shi. Ban taɓa tambaya ba.

Na duba shi, yana minshari, bel ɗinsa a ɗaure, sandarsa a jingine. Na shiga ɗakin wanki na tayar da sallar la'asar.

Ina ruku'u na ji ƙofar gareji tana naɗewa sama. Na ce ƙila Madam ce. Ina sujada na ji wani sauti siriri kamar kukan sauro, yana ƙaruwa. Akwai wata ƴar motar lantarki irin ta filin wasan golf a garejin, ta lokacin da Baba ke da ƙafa, Madam ta ce mini makullinta ya ɓace tuntuni. Allah Ya gafarta mini, ban san yadda na fita daga sallar nan ba. Na dai tsinci kaina a baranda, ba takalmi, hijabi har ƙasa, kujera ba kowa.

Can saman tudu, a kan doguwar sandar da ake ɗaure tumatir, ga hular Baba tana lilo kamar tuta. Kaka ta kafa ta inda duk unguwar za ta gani. A tsakiyar ciyawa kuma ga Baba a cikin motar golf, kai ba hula, farin gashi a tsaye, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan ya miƙe sandarsa gaba, yana ihu da Girkanci. Ya nufi tudu.

Na bi shi. Ina gudu ina kiran Baba, ina kiran sunan Allah, ina taka bakin hijabi ina tashi. Motar nan da na raina, ashe tana da gudu in aka danne ta. Kaka ta hango shi. Ni na zaci za ta kauce ko ta sauke hular. Ina. Sai matar nan ta durƙusa bayan buhunan taki ta jawo tiyon ban ruwa ta buɗe shi gaba ɗaya. Ruwa ya daki Baba a ƙirji, ya dake ni a fuska. Na ji shi yana dariya yana cewa da Turanci, ruwa, har ruwan ma an yi. Ita tana ihu da yarenta, shi yana ihu da nasa, ni ina salati da nawa.

Wayar barewa ba ta tsayar da shi ba, kwanciya ta yi. Motar ta bi ta tsakanin akwatuna biyu, barkono yana ta fashewa a ƙarƙashin taya, ja da kore. Ya saki sanda, ya miƙa hannu, ya fizge hular daga kan sandar tumatir ya kifa a ka, duk bai tsaya ba. Abin da ban sani ba, kuma shi ma ina jin ya manta, shi ne bayan lambun Kaka gangara ce. Tudun yana sauka kai tsaye zuwa filin golf, a ƙasa kuma tafki ne, cike da manyan agwagin nan masu baƙin wuya.

Na ga ƙafarsa tana lalube, tana neman birki tana samun totur.

Daga nan abin da na tuna guntu-guntu ne. Na tuna na kama ƙarfen baya inda ake ɗaure jakar sandunan golf, motar ta ja ni, gwiwoyina suna shara a ciyawa. Na tuna na hau, ban san da wace ƙafa ba. Na tuna motar ta yi tsalle a kan wani abu Baba ya tashi daga kujera ya karkata waje, rabin jikinsa a iska, hannuna ya sami bel ɗin nan ta baya kamar yadda Madam ta koya mini, na ja shi da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Tafki yana ta girma a gabanmu. Agwagi suka tashi gaba ɗaya da kuka. Na zuro jikina ta saman kujera, kai ƙasa ƙafa sama, hannu ɗaya a bel, ɗayan na danna duk abin da na samu a ƙasan motar, shi kuma ya murɗe sitiyari. Muka faɗa cikin ramin yashin nan da suke yi wa ƙwallo tarko. Tayoyi suka nutse. Motar ta yi ajiyar zuciya ta tsaya.

Fuskata a kan takalminsa, bakina cike da yashi, hannuna ya ƙi sakin bel. Na ɗago a hankali. Baba na zaune daram a kujerarsa, jiƙe sharkaf, hula a karkace, ganyen barkono a kafaɗa. Wasu Turawa masu gajeren wando sun tsaya can gefe da sandunansu a sama, kamar an dasa su.

Ya dube ni ya ce, "Yarinya, mun ci tudun?"

Na ce, "Mun ci, Baba. Mun ma wuce shi."

Dariyar da ta kama ni ba irin ta mutane ba ce. Ina yi haƙorana suna haɗuwa, hawaye yana wanke yashi, na kasa tsayawa na kasa zama. Ga Kaka ta gangaro tana haki, tawul a hannu, tana isowa ta jefa masa a ka ta fara goge shi da mugunta kamar mai wanke tukunya. Ta nuna tafki ta ce ai ta gaya masa, duk Bagirken da ya hau tudunsu a bakin tafki yake ƙarewa. Ya ce amma da hularsa. Karo na farko ke nan da suka yi magana ba ni a tsakani.

Da numfashinsa ya dawo ya cire hular ya shafa ɗan ƙarfen da babban yatsa. Ya ce lambar mahaifinsa ce, ta wannan tudun. Ya ce shi ne ke wasa da burodi, mahaifinsa bai taɓa ba da labarin da dariya ba, sau ɗaya ma ya ba da shi, ya ce abokansa da yawa a kan waya suka kwana, a rataye kamar shanya. Kaka ta daina goge shi. Ta ce nata kakan ya dawo gida ba ya ji, igwa ta cinye kunnuwansa, har ya mutu in za a kira shi cin abinci sai an taɓa kafaɗarsa. Ta karɓi hular ta karkaɗe yashin ta mayar masa a ka, ta daidaita ta. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige.

Ban san wanda ya kira Madam ba, a unguwar nan labule ma ido gare shi. Ma'aikatan filin ne suka taimaka aka mayar da Baba gida, na canza masa kaya, na zaunar da shi. Sai na ji motarta ta tsaya. Na riga na ga sito, na ga kwalaye, na ga fuskar Anti, na ga Baba a wani ɗaki mai ƙamshin magani ba baranda. Ta shigo ba ta gaishe da kowa ba. Ta duba kansa, ta duba hannuwansa, ta matsa ƙugunsa, ta sa ya ɗaga ƙafa ya sauke. Ko ƙwarzane babu. Sannan ta juyo kaina. Na gaya mata komai tun daga yogot har hula, ina yi dariyar nan tana neman ƙwace mini, ina danne ta. Ta saurara ba ta ko ƙifta ido ba.

Ta ce, "Tambaya ɗaya zan yi miki. Ya faɗi?"

Na ce, "Bai faɗi ba, Madam. Ni ce na faɗi." Na ɗage hijabi na nuna mata gwiwoyina.

Kaka na tsaye a bakin ƙofa, ba wanda ya gayyace ta. Ta ce ita shaida ce, tun daga sama take kallo tana addu'a ya faɗi, bai faɗi ba, yarinyar nan ta riƙe shi kamar akuyar da za a kai kasuwa. Baba ya riƙe hularsa da hannu biyu a cinya yana kallon ƴarsa, ban taɓa ganin idonsa haka ba.

Madam ta miƙa hannu, Baba ya zaro makullin motar golf daga cikin safarsa ya ba ta. Ta fita ta shiga motarta ta rufe. Ta tagar kicin ina hango ta, ta kifa kai a sitiyari, kafaɗunta suna girgiza, har yau ban san kuka take ko dariya ba. Ta daɗe. Da ta dawo idonta ja, ta ce ɗakin can na gidan tsofaffi yana nan a ajiye ba ta soke ba, amma maganarta ita ce in ya faɗi, kuma ita ba ta canza magana. Ta ce za ta gyara wa Kaka lambu. Ta ce ni kuma in tafi gida in wanke ciwona in dawo gobe da safe, kuma daga yau duk wata al'adar ƙasarmu da zan shigo da ita gidan nan in fara kiran ta a waya.

Anti ta ji labarin a tsaye, ta zauna, ni kuwa har na fara tattara kayana a zuci. Sai ta tambaye ni da gaske tsohuwar ta buɗe masa tiyo. Na ce da gaske. Ta kwanta a kan kujera tana dariya tana dukan cinya, tana yi tana ce mini shashasha. Na rama la'asar ɗina gwiwa tana zogi.

Yanzu Kaka ke saukowa kullum bayan abincin rana. Ita ke riƙe da gishiri da masoro, kuma tun da ta karɓe su Girka ba ta sake cin tudu cikin sauƙi ba, jiya ma kafin yatsun Baba su tsallake cokula ta ɗauke burodin ta cinye. Ni ina gefe, hannuna kusa da bel. In motar golf ta wuce can nesa da kukan sauron nan, sai in zabura in kama bango, su biyun su yi ta yi mini dariya.

Ɗazu da na kai kwanuka kicin na dawo, na tarar da Baba ya ƙura wa tudun ido, yana auna shi da babban yatsa. Ya tambaye ni, a hankali kamar ba komai, wai injin yankan ciyawar nan da ake hawa, na cikin gareji, shi ma sai da makulli yake tashi. Na ce ban sani ba. Na je na kulle garejin, na ƙulle makullin a bakin zanena, ƙulli biyu.